Taswirar jijiyoyin gani na ɓera: yaya aka zana ta, kuma me ƙaramin ɗakin bincike zai iya?

Ɗalibar Jidda:

Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Ina digiri na biyu a ilimin jijiyoyi a nan Jidda, kuma lokacin miƙa tsarin bincike ya matso, shi ya sa na kawo muku wannan.

A watan Afrilun 2025 mujallar Nature ta fitar da sakamakon aikin MICrONS, inda aka zana taswirar wani ɗan guntu daga sashen gani na ɓawon ƙwaƙwalwar ɓera, kusan milimita ɗaya ta kowane gefe. Ƙwayoyin da ke ciki sun haura 200,000, mahaɗun jijiyoyi kuma, wato wuraren da ƙwaya ke miƙa wa wata saƙo, kimanin miliyan 523. Hotunan sun burge kowa, amma ni aikin hannun nake so in gane. Daga ɓera mai rai zuwa waɗannan hotuna masu launi, me da me ake yi, kuma a ina abin ya fi lalacewa?

Abin da ke hannunmu: maikroskof na ilektiron guda ɗaya, irin TEM mai ratsa siririn falle da ilektiron, wanda sassa da yawa ke rabawa, injin yanka siraran falle, wuƙar daimon ɗaya, da ɓeraye irin C57BL/6. Da wannan za a iya ɗan ƙaramin aiki a hawa na 2/3 na V1, wato sashen gani na farko a ɓawon ƙwaƙwalwa, wanda ƙwayoyinsa ke jere hawa-hawa? Wane girma ne hankali zai ɗauka? Ko in haƙura da yanka in koma kan bayanan da suka saki kyauta? Idan na koma can, taswira ta nuna ƙwaya kaza ba ta haɗu da ƙwaya kaza ba, in yarda?

Mai Wuƙar Daimon, Jidda:

Wa alaikumus salam, 'yata. Zan ɗauki ɓangaren nama da wuƙa, in bar lissafi ga masu shi.

Tushen wahalar girman abin da ake nema ne. Ratar da ke tsakanin ɓangarori biyu na mahaɗa kusan nanomita 20 ce, 'yan jakunkunan da ke ɗauke da sinadarin saƙo kusan nanomita 40, akson kuma, wato zaren da ke fitar da saƙo daga ƙwaya, yakan sirance har ya yi ƙasa da nanomita 100. Maikroskof na haske na yau da kullum ba ya rabe abu biyu da tazararsu ta gaza nanomita 200. Dole sai ilektiron, shi kuwa ba ya ganin fatar ƙwaya sai an shayar da ita ƙarfe mai nauyi. Saboda haka duk aikin a jere yake: a kafe nama da magani don kada siffarsa ta canza, a rina shi da ƙarfe, a zuba shi cikin ƙaro ya daskare, a yanka, a ɗauki hoto. Kowane mataki yana gadon aibin wanda ya gabace shi, kuma babu komawa baya.

Gida uku suka raba aikin MICrONS. A Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke Hustan aka ɗauki motsin ƙwayoyin ɓeran yana raye yana kallon bidiyo. A Cibiyar Allen da ke Siyatil aka yanka guntun falle kusan 28,000, kowane falle kaurin nanomita 40, cikin kwana 12 ba dare ba rana, sannan maikroskof biyar suka yi kusan wata shida suna ɗaukar hoto. Jami'ar Princeton ta jera hotunan ta fitar da siffar ƙwayoyi da taimakon ƙirƙirarriyar basira.

Kafewa ita ce matakin da ɗalibai suka fi rainawa. Bayan izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ana sa wa ɓera maganin barci mai zurfi, a buɗe ƙirji, a sa allura a ɗakin hagu na ƙasa na zuciya, a ɗan tsaga ɗakin dama na sama don jini ya fita. A wanke da ruwan gishiri na ɗan lokaci kaɗan, sai a tura maganin kafewa: abin da aka saba shi ne PFA, dangin fomalin, kashi 2 cikin ɗari da gulutaraldehaid kashi 2.5, cikin ruwan kakodilet mai ƙarfin mola 0.1, pH 7.4, da ɗan kalsiyam kulorayid, milimola 2. Sauri ake nema. Daga lokacin da aka huda tantanin ƙirji numfashi ya tsaya, ƙwaƙwalwa ta shiga yunwar iska. Idan aka yi jinkiri za ki ga astrosait, ƙwayoyin da ke kula da na jijiya, sun kumbura sun yi fari fat, mitokondiriya, masu samar wa ƙwaya ƙarfi, sun fashe. Idan kumfar iska ta shiga bututu, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, wani yanki ya kafe wani bai kafe ba. Idan aka matsa famfo da ƙarfi, hanyoyin jinin su yage. Hanta ta washe, wuya da jela su sandare, shi ne alamar magani ya zaga. Kuma kada a taɓa ƙwaƙwalwa da ƙarfe tun ba ta gama kafewa ba, don matsi yana haifar da baƙaƙen ƙwayoyi tsukakku waɗanda mai sabon hannu zai ɗauka cuta ce.

Rini kuma nan ne manyan guntaye ke ba da kunya. Osmiyom ne ke kama kitsen fatar ƙwaya. Tsohuwar hanya ita ce a gauraya shi da fotasiyam ferosayanaid a lokaci ɗaya, kuma tana kyau a falle mai kaurin maikromita 100. Amma a guntun da ya kai milimita, gaurayen yana yin ɓawo a waje ya hana sauran magani shiga, kamar tsiren da aka ɗora a wuta mai ƙarfi, waje ya ƙone ciki ɗanye. Hua da abokan aikinsa a 2015 suka raba matakan: osmiyom kashi 2 shi kaɗai na minti 90, sai ferosayanaid kashi 2.5 na minti 90 ba tare da wanki a tsakani ba, sai sinadarin TCH kashi 1 na minti 45 a zafin digiri 40, sai osmiyom karo na biyu, sai yuranil asetet kashi 1 ya kwana a firiji, washegari a ɗumama shi zuwa digiri 50, a ƙare da dalmar asfatet. TCH gada ce: tana kama osmiyom na farko, ta riƙo na biyu, ƙarfe ya ninku. Amma in ba a wanke sosai kafinta da bayanta ba, ta haɗu da sauran osmiyom da ke yawo ta zubar da baƙin ƙura a ko'ina. Haka yuranil ba ya shiri da fosfet, dalma ba ta shiri da iskar kabon da ke cikin numfashinki da ruwan da ya daɗe a buɗe. Ki tace TCH, ki yi amfani da ruwan da aka tace sabo, kuma ki riƙe pH na dalma tsakanin 5 da 5.5.

Ki kula da kanki. Tururin osmiyom yana kafe fatar ido kamar yadda yake kafe nama, ba a buɗe shi sai cikin akwatin zuƙe tururi, kuma man masara ake zuba wa sauransa ya yi baƙi kafin a kai shara ta musamman. Kakodilet yana da arsenik. Yuranil yana da dokokinsa, ki fara da ofishin kula da haɗari na jami'arku tun kafin ki yi oda.

Bayan rini sai a janye ruwa da itanol ko asiton mataki-mataki, a shayar da guntun ƙaron Epon a hankali, a gasa a digiri 60 na kwana biyu ko fiye. Nan damshin Jidda ke shigowa. Asiton da Epon duk suna shan ruwan iska. Kwalbar Epon da aka fito da ita daga sanyi aka buɗe nan take za ta tara raɓa a ciki, guntu ya fito da laushi a tsakiya, falle ya riƙa yagewa. Ki bari ta huce a rufe tukuna. Kuma ki fara rini ran Lahadi, don kada matakin da ba ya jira ya faɗo miki a Juma'a.

In akwai na'urar maikro-CT, mai leƙa cikin abu da hasken eks-re, a kusa, ki duba guntun kafin wuƙa ta taɓa shi. Za ki ga ko tsakiya ta rinu, ko akwai tsaga.

Abu Lissafi, Riyad:

Allah ya saka wa Baba da alheri. Ƙanwata, ɗauki biro mu yi lissafin girma, shi zai amsa miki tambaya ta biyu ba sai kowa ya yi gardama ba.

Kowane ɗigon hoto a wannan aiki nanomita 4 ne a faɗi, 4 a tsawo, 40 a kauri. Ninka su, 640. Milimita ɗaya ta kowane gefe, in an juya ta zuwa nanomita, 1 ce da sifili 18. Raba da 640, ki samu ɗigo kusan tiriliyan 1,560. In kowane ɗigo bait ɗaya ne, fetabait 1.6 ke nan, wato terabait kusan 1,600, adadin da ake ambata wa aikin. Yanzu rage gefe zuwa maikromita 100: terabait 1.6, falle 2,500. Rage zuwa 50: gigabait kusan 195, falle 1,250. Rage zuwa 20: gigabait 12.5, falle 500. Ga lokaci kuma: na'urar da ke ɗaukar ɗigo miliyan ɗaya a daƙiƙa za ta yi kwana 18 a kan guntun maikromita 100, ban da lokacin canza falle da daidaita hoto, milimita cikakkiya kuwa kusan shekara 49. Shi ya sa Allen suka ɗora falle a kan doguwar tef mai ramuka da ke shiga na'ura da kanta, wasu kuma suke amfani da na'ura mai hasken ilektiron 61 ko 91 a lokaci guda.

Sannan ga abin da ya fi girman faifai muhimmanci. Rassan ƙwaya ɗaya mai siffar dala a hawa na 2/3 suna bazuwa maikromita ɗaruruwa, aksonta kuma ya fi haka nisa ƙwarai. A guntun maikromita 20 ba za ki samu ƙwaya ko ɗaya cikakkiya ba. Za ki samu mahaɗu dubbai, amma ba za ki san na waye ba. Tambayar “wa ke haɗe da wa” ta fi ƙarfin TEM ɗaya. Wannan ki kai ta wajen bayanan da aka saki.

Shiga ba wuya. A shafin MICrONS Explorer za ki buɗe hotunan da manhajar Neuroglancer a burauza, ba sai kin sauke komai ba. Don lissafi kuma ki sa manhajar caveclient a Python, ki karɓi lambar izini, ki buɗe rumbun minnie65_public. Guntun an raba shi gida biyu, wannan shi ne babban, kuma a nan mafi yawan gyara yake. Teburin mahaɗu shi ne synapses_pni_2, na cibiyoyin ƙwayoyi nucleus_detection_v0.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce mai nauyi, amsarta kuma a'a, kada ki yarda kai tsaye. Kwamfuta tana kuskure iri biyu. Ko ta yanke zare ɗaya gida biyu, galibi inda falle ya naɗe, ko ya tsage, ko akson ya sirance ya bi kwance da wuƙa har fatarsa ta dushe. Ko kuma ta manne zare biyu na ƙwayoyi dabam ta ce ɗaya ne. Yankewa tana ɓoye haɗin da ke akwai, mannewa tana ƙirƙiro wanda babu. Dendirat, rassan da ke karɓar saƙo, masu kauri ne, kwamfuta tana kama su da kyau, sai dai siraran wuyan ƙayoyinsu, 'yan tsiron da mahaɗu ke zama a kai, kan katse. Akson ne matsala. Ƙwayar da mutum bai bi aksonta da ido ya gyara ba, sau da yawa za ki same ta da ɗan dungulmi kawai, ki ga mahaɗu kaɗan ki zaci ƙwayar ce marar magana. Akwai teburin da ke nuna matsayin gyaran kowace ƙwaya. A ɓangaren mai aikawa, ki tsaya kan waɗanda aka tsabtace aksonsu aka kuma bi shi har ƙarshe, kuma su ƙalilan ne in an gwada da jimillar ƙwayoyin. Ko a nan ma, “babu haɗi” yana nufin babu a cikin wannan guntun. Akson da ya fita ta gefe ya tafi da sirrinsa.

Wasu ƙananan ramuka da ke cinye wa mutane makonni. Lambar kowace ƙwaya tana canzawa duk lokacin da aka yi mata gyara, don haka ki zaɓi bugu ɗaya na bayanan ki rubuta lambarsa a takardarki, ki riƙa bin ƙwaya ta lambar cibiyarta. Lambobin ƙwayoyin masu alƙaluma 18 ne, Excel kuma ba ya riƙe fiye da 15, sai ya mayar da na ƙarshe sifili ba tare da ya gaya miki ba. Ki adana su a matsayin rubutu. Wuraren da ke tebur a ma'aunin ɗigo suke, 4 da 4 da 40, in ba ki ninka ba duk nisan da kika auna ƙarya ne. Guntun kuma ya ɗan karkace, kusan digiri 5, sai an miƙe shi kafin a auna zurfin ƙwaya daga saman ɓawo a ce tana hawa kaza. Ki cire mahaɗun da mai aikawa da mai karɓa lamba ɗaya ce, mafi yawansu kuskuren na'ura ne. Kuma duk sakamakon da ya ba ki mamaki, ki ɗebo mahaɗu hamsin daga ciki ki buɗe hotonsu ɗaya bayan ɗaya, ki ga jakunkuna a gefe guda da baƙin kauri a ɗaya gefen da idonki.

Ni shawarata, bar wuƙa. Kwamfutar cinya da intanet sun ishe ki digiri.

Dokta Ummu Gani, Madina:

Malam Abu Lissafi, lissafinka babu gyara, amma “bar wuƙa” ya yi tsauri. A gaya mata abin da taswirar ba ta ɗauke da shi, sai ta zaɓa da sani.

Ɓera ɗaya ne, namiji, ɗan kusan wata uku. Ba a iya tambayarsa me ke canzawa da tsufa, ko ciwon suga, ko rufe ido ɗaya a ƙuruciya. Duk tambayar da ke buƙatar kwatanta rukuni biyu na dabbobi, babu ita a can.

Ɓangaren motsin ƙwayoyi ma a fahimce shi. An yi wa ɓeran gadon sinadarin GCaMP6s, mai haske in kalsiyam ya shiga ƙwaya, aka cire ɗan ƙashin kai aka sa gilashi, aka duba da maikroskof mai foton biyu yana gudu a kan abin taka. An samu motsin ƙwayoyi kusan 75,000. Amma a ƙwayoyi masu zuga kawai, waɗanda ke sa wasu ƙwayoyi bugawa, aka sa sinadarin. Masu hanawa, waɗanda labarinsu ya fi daɗi a taswirar, an ga siffarsu da haɗinsu, ba a ji muryarsu ba. Kuma hoto tsakanin 6 zuwa 10 a daƙiƙa ake ɗauka, alhali bugun ƙwaya kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ne. Kalsiyam inuwar bugu ce. Gudun ɓeran ma yana shiga lissafi: Niell da Stryker sun nuna a 2010 cewa amsar ƙwayoyin V1 tana ninkuwa in ɓera yana gudu, don haka wanda ya kwatanta ƙwayoyi bai duba gudu da faɗin ƙwayar ido ba, ya gauraya abu biyu. Haɗa hoton mai rai da na ilektiron shi ma aiki ne: nama ya tsuke ya karkace, sai da aka bi hanyoyin jini da jikin ƙwayoyi aka daidaita, kuma waɗanda mutum ya tabbatar da idonsa sun fi waɗanda na'ura ta haɗa aminci.

Hoton ilektiron kansa ba ya rubuta wa mahaɗa suna. Daga siffa ake ganewa, tun rabon da Gray ya yi a 1959: mai kaurin baƙi a gefen mai karɓa galibi mai zuga ce, mai gefe biyu daidai galibi mai hanawa. Girman mahaɗa yana tafiya da ƙarfinta, amma ba awon ƙarfi ba ne. Sinadarai irin asetilkolin da noradirenalin da ke canza yanayin da'ira gaba ɗaya, aikinsu ba ya fitowa a hoto.

Duk da haka abin da aka samu ba ƙarami ba ne. A 1979 Francis Crick ya rubuta cewa neman cikakkiyar taswirar milimita ɗaya ta ƙwaƙwalwa tare da yadda ƙwayoyinta ke bugawa neman abin da ba zai yiwu ba ne. Tsutsar C. elegans mai ƙwayoyi 302 sai 1986 aka kammala tata, ƙudan 'ya'yan itace mai kusan 140,000 sai 2024. Abu biyu suka fi tsaya mini a rai. Na farko, ƙwayoyi masu zuga da ke amsa abu iri ɗaya a gani sun fi haɗuwa da juna. Wani mai bincike mai suna Ko, shi da abokan aikinsa, sun ga haka a hawa na 2/3 tun 2011 da allurar gilashi, ƙwaya kaɗan-kaɗan, yanzu an gan shi tsakanin hawa da hawa, har tsakanin yanki da yanki. Darajarsa a ɓera ita ce ƙwayoyin da ke son layi mai karkata iri ɗaya ba a jere suke ginshiƙi-ginshiƙi ba irin yadda Hubel da Wiesel suka gani a kyanwa, a warwatse suke, don haka akson sai ya zaɓa. 'Yata, in za ki gwada wannan, kada ki kwatanta masu haɗi da kowace ƙwaya barkatai. Ki kwatanta su da waɗanda akson ya wuce dab da rassansu, cikin 'yan maikromita, bai yi mahaɗa ba. In ba haka ba maƙwabtaka kawai kika auna. Na biyu, masu hanawa ba feshi suke yi ba. An daɗe da sanin mai siffar kwando tana kama jikin ƙwaya, ta Martinotti tana hawa zuwa ƙarshen rassa a hawa na 1, mai siffar fitilar rufi tana kama gindin akson. Abin da aka ƙara gani, a wani ginshiƙi mai faɗin maikromita 100 da aka gyara ƙwayoyinsa 1,352, shi ne da yawansu suna zaɓar irin ƙwayar da za su hana, su tsallake maƙwabciyarta.

Ƙaramin guntu kuma yana da tambayoyinsa, kuma ba sai an je nesa neman misali ba. A jami'ar KAUST da ke Suwal, arewa da ku kaɗan, rukunin Pierre Magistretti tare da Corrado Calì sun sake gina astrosait da ƙwayoyin jijiya daga jerin hotunan ilektiron, suna duba inda gilaikojin, sukarin ajiya na ƙwaya, ke taruwa kusa da mahaɗu. Tambaya ce da ba ta buƙatar milimita.

Ɗalibar Jidda:

Allah ya ƙara ilimi, na gode ƙwarai. Abin da na fahimta: haɗin ƙwaya da ƙwaya in nema a bayanan MICrONS, da aksonin da aka gyara kawai. Namu TEM kuma in tambaye shi abin da ya shafi siffa. Ina tunanin kwatanta yawan mahaɗu da girman kan ƙaya a hawa na 2/3 tsakanin ɓerayen da aka rufe wa ido ɗaya a makon haihuwa na huɗu da waɗanda ba a rufe ba. Baba, falle nawa, kuma yaya zan tabbata a V1 nake? Dokta, zan iya sa awona kusa da na MICrONS?

Dokta Ummu Gani, Madina:

Lokacin kin zaɓa daidai, wajen kwana na 28 ne V1 na ɓera ya fi saurin sauyawa in an rufe ido. Ki nufi yankin da idanu biyu ke haɗuwa, can gefen waje na V1, a ɓarin da ke kishiyar idon da aka rufe. Awonki da nasu ki sa su kusa don ki ga ko kina cikin hankali, amma kada ki yi gwajin ƙididdiga a tsakaninsu. Maganin kafewa yana tsuke nama. Korogod, Petersen da Knott sun nuna a 2015 cewa ɓawon ƙwaƙwalwar ɓera yana raguwa kusan kashi 30 cikin ɗari, filin da ke tsakanin ƙwayoyi kuma ya faɗo daga kusan kashi 15 zuwa ƙasa da 3 in an gwada da naman da aka daskarar da sanyi nan take. Yawan mahaɗu a kowace maikromita ya dogara da yadda naki ya tsuke. Rukunanki biyu su shiga magani ɗaya, rana ɗaya, kuma mai ƙirga kada ya san wanne ne wanne. Ɓera ne abin ƙirga, ba mahaɗa ba: mahaɗu dubu daga ɓera ɗaya shaida ɗaya ce.

Mai Wuƙar Daimon, Jidda:

'Yata, bayan kafewa ki yanka ƙwaƙwalwar da injin girgiza, kaurin maikromita 80 zuwa 100, ki jera su a faranti mai ramuka yadda suka fito. V1 yana can baya, kusan milimita 2.5 daga layin tsakiya, yankin idanu biyu kuma ya ɗan fi haka fita waje. Ki gwada siffar hifokamfas, wani lanƙwasasshen sashe na ƙwaƙwalwa, da farin nama da littafin taswirar Paxinos da Franklin, ki ɗauki hoton kowane yanki kafin osmiyom ya baƙanta shi, don hanyoyin jini ne za su zame miki alama daga baya. A wannan kauri tsohuwar hanyar rini ta isa. Ki gasa yankin a shimfiɗe tsakanin ledar Aclar biyu, ki yanko wurin da kike so ki manna a kan dungun Epon, ki fara da falle mai kaurin rabin maikromita ki rina da toluwidin shuɗi, a nan za ki ga hawa-hawan da kyau.

Falle 150 zuwa 200 a jere, kaurin nanomita 50, sun ba ki zurfin maikromita 7 zuwa 10, ya ishi ƙaya da wuyanta su fito cikakku. Ki gyara fuskar dungun ta zama ƙarama, gefen sama da na ƙasa su yi daidai da juna da bakin wuƙa, in ba haka ba jerin zai lanƙwashe ko ya rabu. Kusurwar jingina wuƙa a kan inji digiri 6, gudu kusan milimita ɗaya a daƙiƙa. Wuƙa mai baki digiri 35 ba ta matse falle kamar mai 45. Launin falle a kan ruwa shi ne awonki na farko: toka-toka ƙasa da nanomita 60 ne, azurfa 60 zuwa 90, zinariya ya yi kauri. Kada ki dogara da lambar da ke jikin inji. Daga baya ki auna ainihin kaurin ta mitokondiriya da suka kwanta, faɗinsu a raba da adadin fallen da suka ratsa.

Iskar na'urar sanyaya ɗaki kada ta bugi inji, amma kada a kashe ta, don canjin zafi yana sa kauri ya riƙa hawa da sauka. Ki kare injin da labule, ki kunna fitilarsa tun rabin awa kafin ki fara. Layuka masu maimaituwa kwance da bakin wuƙa girgiza ce, ko dungu bai ɗauru ba, ko ƙaron ya yi laushi. Layi ɗaya da ya bi hanyar yanka a kowane falle tabo ne a wuƙa, ki matsa gefe. Da gashin gira ɗaya da aka manna a tsinke ake raba jerin a kan ruwa, falle 15 zuwa 20, a ɗauka da faifan da ke da rami milimita 2 da 1 mai shimfiɗar Formvar, a rubuta lamba nan take. Faifai ɗaya ya yage, falle ashirin sun tafi, maikromita guda ke nan, kuma babu ƙayar da za ki iya bi ta tsallake wannan rami. Saboda haka ki duba kowace shimfiɗa a haske kafin amfani, kuma a cikin TEM ki fara da haske mai rauni a baje kafin ki matse shi. Hotunan ki jera su da TrakEM2 a cikin manhajar Fiji.

Wuƙar taku ɗaya ce, wasa ta kuma sai an aika waje. Gyaran dungu da fallen gwaji duk ki yi su da wuƙar gilashi ko reza, kuma ki yi jeri uku na gwaji a kan naman da ba kya buƙata kafin ki ɗora na ɓeran bincike.